Yaya Auwalu da Gaisuwar Japanawa

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai Yaya Auwalu makwancinsa, amma har yau in ka shigo Sabo, unguwarmu ta Hausawa a ƙasar Yarbawa, ka tambayi gidan mahaifinmu Malam Idi mai albasa, sai an yi ta 'yan tunane-tunane. Ka ce gidan su Ɗan Japan, nan take ɗan okada zai ce ka hau.

Ni ne Sani, ƙanen da ke bi masa. Ina sakandare lokacin da ya samu tallafin karatu ya tafi jami'a a Japan, ya karanci harshensu da al'adunsu. 'Yan unguwa sun sha dariya. Yaro ya tashi da Hausa da Yarbanci da Turanci, duk ba su ishe shi ba, sai ya tafi ɗauko na huɗu. Suka ce in ya dawo da injinan tokunbo, 'yan gwanjon da ake shigowa da su daga Japan, zai riƙa hira.

Da ya dawo, aiki bai yi masa wuya ba. Wasu Japanawa masana noma, masu gwajin irin shinkafa a ƙauyukan Akinyele, suka ɗauke shi tafinta. Manomi ya faɗi tasa da Yarbanci, lebura ya faɗi da Hausa, Yaya ya juya wa baƙi. Yakan ce rabin aikin ba kalmomi ba ne, gane lokacin da baƙo ya ji kunya ne, da lokacin da manomi ya ji an raina shi. Karatun ya biyo shi har gida. In an rubuta ƙarfe goma a katin ɗaurin aure, ƙarfe goma zai isa, ya ƙare da taya masu rumfa jera kujeru.

Yau yaran layinmu suna kwaikwayon gaisuwar Japanawa daga finafinan zanen da suke kallo a waya, har 'yata Rukayya ta fara cewa abin da za ta karanta ke nan. Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga haka. Ina jin zai yi murmushi, ya gyara musu lafazi, sannan ya zaunar da Rukayya ya gaya mata abin da karatun ya ci masa. Tunda ba ya nan, ni zan faɗa.

Baba ne limamin ƙaramin masallacin layinmu. Duk ranar da kasuwa ta riƙe shi a Shasha, Yaya ne ke shiga gaba. Baba bai taɓa yabonsa da baki ba, ɗan fari ne, ko sunansa ba ya kira. Wannan tsayuwar a gaban jama'a ita ce yabon gaba ɗaya, kuma Yaya ya fi kowa sanin haka.

Wata Asabar shugaban Japanawan, dattijo mai furfura, ya zo gida gaishe da Baba. Aka ci aka sha, aka rako shi ƙofa daidai lokacin da mutane ke alwalar La'asar. Dattijon ya sunkuya, Yaya ma ya sunkuya masa, baya a miƙe, hannuwa a kan cinya. A Sabo mun saba ganin Bayarabe ya kwanta rub da ciki a gaban babba, mu ma muna durƙusawa. Amma wannan sak ruku'u ne, a bakin masallaci, a idon jama'a. Baba ya juya ya shiga masallaci. Washegari da zai fita kasuwa ya bar sallahu cewa in ya makara, maƙwabcinmu Malam Garba ya ja salla.

Abin ya yi wa Yaya ciwo ƙwarai, amma bai yi musu ba. Ya koma wurin aiki ya yi wa Japanawan bayani cewa irin wannan sunkuyon na Ubangijinsa ne, daga ranar zai riƙa ɗora hannu a ƙirji. Ya san aikin zai iya suɓuce masa, don a wurinsu ƙin sunkuya wa babba ba ƙaramin abu ba ne. Suka karɓa hannu bibbiyu. Ni kaɗai ya faɗa wa. Na ce to ya je ya shaida wa Baba mana. Ya ce, "Sani, in na faɗa, zai zama kamar roƙon limanci nake yi. Bari ya gani da kansa."

To ina Baba zai gani? Ba ya zuwa gonakin Akinyele. Mutumin da sana'arsa ita ce isar da maganar wasu ya kasa kai tasa ɗakin mahaifinsa. Ni ma na ja bakina na tsuke, wai ba hurumina ba ne. Shekara huɗu aka yi a haka, har zazzaɓin kwana shida ya tafi da shi.

Ranar sadakar uku dattijon ya zo ta'aziyya. Babu tafinta, sai ɗan Turancin da ni da shi muke lallaɓawa. Ya tsaya ƙyam a gaban Baba, ya ɗora hannun dama a ƙirji. Baba ya dube shi, ya dube ni, ya tambayi wa ya koya masa haka. Na faɗa. Ya ce, "Tun yaushe?" Na ce tun makon da abin ya faru. Ya sunkuyar da kai.

In na auna abin da Yaya ya bari, da sauƙin gani. Akwai matasa biyu 'yan Sabo da ya koyar, yanzu da Japananci suke ciyar da iyalansu. Akwai manoman da har yau suke tambayar lafiyar gidanmu. Ya nuna cewa mutum zai iya shiga al'adar wasu har ƙurya, ya fito da addininsa a hannu. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Amma abin da ya bari a gidanmu ya fi wannan nauyi, kuma ina jin sa kullum.

Watan jiya muna fitowa daga sallar Asuba, Baba ya riƙe hannuna saboda gwiwa. Ban tayar da zancen ba, shi ya fara. Ya ce, "Shekara huɗu yana sahun farko, a bayana. Juyowa ɗaya ta isa in tambaye shi." Na ce laifina ne, na sani ban faɗa ba. Ya girgiza kai.

Ya ce, "Kai ƙane ne. Ni ne uban."