Maidaji da Tsuntsayen Alhaji Tankari

Maidaji ba mutum ne mai daɗin zama ba. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana kula da kejin tsuntsaye a wani gidan namun daji a Arewa, har ranar da ya gaya wa shugabansa baƙar magana a gaban baƙi aka sallame shi. Ya fito da kaifin ido da wani tsohon littafin tsuntsaye mai hotuna. A 2004 wani ɗan'uwansa ya ja shi Guangzhou, ya zama mai ɗaure kaya a wani sito kusa da filin jirgin Baiyun.

A 2008, ana saura wata biyu a fara wasannin Olamfik a ƙasar, bincike ya tsananta, maigidansa mai siton ya ce a riƙa buɗe kowane kwali. Ran nan Alhaji Tankari, wani falke ɗan Maraɗi, ya kawo kwalaye takwas na furannin roba. A ƙasan na ƙarshe Maidaji ya tarar da busassun tsuntsaye uku naɗe cikin jarida.

"Gashin kaza ne aka rina," in ji Tankari. "Haka mai shagon ya ce mini. Rufe kwalin."

Maidaji ya ɗauki ɗaya ya kai bakin ƙofa inda haske yake. Kan tsuntsun ruwan ɗorawa ne, maƙogwaron kore shar mai ƙyalli, ƙirjin ƙasa-ƙasa. Dogon gashi ya zubo daga ƙarƙashin fukafukai, rawaya a tushe, fari a baki, ga wasu silaye biyu kamar waya a wutsiya. Ya juya shi ya duba bayansa.

"Tsuntsun aljanna ne, Alhaji, ƙaramin. Da babban ne, da rawayar ta tsaya a ƙeya, amma wannan ta gangaro har gadon baya. Daga dazukan tsibirin Papuwa ake harbo su, kuma doka ta hana fataucinsu. Ba zai bi ta hannuna ba."

"Kai mai ɗaure kwali ne ko malamin makaranta?"

"Ni dai na san kaza. Kai ko ita ba ka sani ba."

Tankari ya ƙura masa ido, ya kira mota ya kwashe kayansa duka. Kafin Juma'a ta zagayo ya baza wa mutane cewa Maidaji karen 'yan duwan ne, wato kwastan, shi ke kai musu rahoton fatake. A lokacin kowa a tsorace yake da maganar biza, sai zancen ya zauna. 'Yan Nijar suka daina amsa masa sallama, Kanawa suka bi bayansu.

Shi kuwa bai lallashi kowa ba. Ya shiga gidan abincin da fatake ke taruwa, ya ce duk jahilai ne, ba mai bambance zakara da agwagwa a cikinsu. Sabuwa mai tuwo ta ɗauke kwanonsa, ta ce ya nemi wani wurin ci.

Kayan Tankari suka bi jirgin ruwa ta tashar Nansha, suka isa Maraɗi lafiya. Ciniki ya ja baya a siton, maigidan ya sallami Maidaji. Farkon 2009 ya koma Kano, ba wanda ya raka shi filin jirgi. Ya kama kiwon tantabaru a Rijiyar Zaki, yana sayarwa ga wanda ya ga dama.