Baba Mati da Lungunan Inuwa

Shekara talatin da ɗaya Baba Mati ya yi yana masinja a ofishinmu a Daura, bai taɓa hawa keke ba. Da likita ya ce in riƙa tafiya a ƙasa saboda hawan jini, kwana uku na yi a bakin titi, rana ta kore ni.

Baba Mati ya yi dariya. "Malam akawu, titi ai na masu mota ne. Biyo ni."

Ya bi da ni lungu-lungu har rijiyar Kusugu, don ya san katangar da ke ba da inuwa a kowane lokaci. Yau kwana ɗari biyu da shida ke nan ban fasa ba, jinin kuma ya sauka. Allah ya saka wa Baba da alheri.