Kujerar Uban Ƙungiya a Filin Umm Salal

Kujerar roba ce fara mai hannuwa, irin ta gidan biki. Wata Juma'a da safe na iso filinmu na Umm Salal da ke wajen birnin Doha, na durƙusa ina ɗaura igiyar takalmi, sai na hango ta a bakin layi kusa da kular ruwa, har an shimfiɗa mata darduma. Kyaftin ɗinmu, wani direba ɗan Gusau wanda a shekaru na kusa haifarsa, ya zo ya rusuna ya gaishe ni. Ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya tambayi gwiwa. Sannan ya ce 'yan ƙungiya sun zauna sun yi shawara, sun ga babu wanda ya cancanci zama uban ƙungiya sai ni. Kowa ya tafa. Na yi murmushi na yi godiya, amma na gane maganar sarai. Korata aka yi daga fili cikin ladabi.

Ƙungiyar tamu ba wata babba ba ce. Hausawan Doha ne muke haɗuwa ranar hutu bayan sallar asuba, kafin rana ta fito da fushinta. Akwai direbobi, akwai masu gadin dogayen benayen West Bay, akwai likita ɗaya da yake tsare mana raga, sai ni injiniyan lantarki. A can Zariya lamba tara nake bugawa tun ina saurayi, kuma ba yabon kai ba, masu tsaron baya na Tudun Wada sun sha wuya a hannuna. Gudu ne jarina. Da na doshi hamsin sai gudun ya tattara kayansa ya tafi bai yi mini sallama ba, ya bar ni da tumbi da gwiwar dama mai ƙara.

Amma ba gudun ne kaɗai ya kashe ni ba, har da tarbiyyar yaran nan. A fili, idan abokin hamayya ya lallaɓo ta bayan mutum, 'yan uwansa tsawa suke daka masa: "Bayanka!" Haka suke yi wa junansu, har da zagi a kai. Ni kuwa babu mai iya ɗaga mini murya. Sai in karɓi ƙwallo, in ji wani daga gefe yana cewa a hankali, "Ranka ya daɗe, Baba Injiniya, kamar dai akwai mutum…" Kafin ya kai ƙarshen zancen an ƙwace ƙwallon, an kai ta ragarmu, likita yana tsamo ta. Kuma ko an ci mu ta dalilina, babu mai cewa uffan. Sai dai a ce mini sannu. Wallahi wannan sannun ta fi zagi ciwo.

Ranar na zauna a kujerar. Ta yi daɗin zama, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Da na koma gida matata ta ga rigar wasan ba ta jiƙe ba, ta tambaye ni ko an fasa. Na ba ta labari. Ta ce ai an karrama ni, kuma ita ma ta huta da dafa ruwan gashin gwiwa. Na shige ɗaki abina. Ƙwallon Juma'ar nan ita ce abu ɗaya da na taho da shi daga gida bai canza ba, ban kuma shirya rabuwa da ita ba.

A shekarun ne wani ɗan Sifaniya yake nan Doha. Ɗan wasan tsakiya ne, gajere, wanda ya ci duk wani kofi da ake ci a ƙungiyar da ta raine shi, ya kuma ɗauki kofin duniya da ƙasarsa. Da shekaru suka fara ja sai ya zo nan ya ƙarasa wasansa, daga baya ya zama kocin ƙungiyar da ya buga wa a nan Doha. Ban taɓa gaisawa da shi ba, bai san da zamana a duniya ba. Amma na sha zuwa kallonsa, don a nan shiga filin wasa ba wahala, sau da yawa ma kujerun sun fi 'yan kallo yawa. Sai ka zauna kusa da layi har kana jin ƙarar takalmi a kan ƙwallo.

A talabijin ƙwallo ake nuna maka. A fili kuwa kana iya ƙyale ta ka zuba wa mutum ɗaya ido, kuma haka na riƙa yi masa lokacin yana wasa. Mutumin nan ba ya gudu yadda muka san gudu. Yawo yake yi a tsakiya, kansa kuwa ba ya tsayawa: ya waiga hagu, ya waiga dama, ya dubi mai ƙwallo, ya sake waigawa. Kafin ta iso ƙafarsa ya riga ya san wanda ke bayansa da inda za ta tafi. Samari masu jini a jika sukan taso masa a guje, ya ɗan juya jiki kaɗan, su wuce su bar shi tsaye. A lokacin dariya kawai nake yi ina jin daɗi, ban ɗauka abin ya shafe ni ba.

Mako biyu ko uku bayan zancen kujera, na je kallon wasan ƙungiyarsa da yamma, ya riga ya zama koci. Na isa da wuri, na tarar 'yan wasansa suna motsa jiki. Sun yi da'ira, mutum biyu a tsakiya suna farautar ƙwallo, sauran suna miƙa wa juna da taɓawa ɗaya. Duk wanda aka ƙwace a ƙafarsa, shi zai shiga tsakiya. Na ga manyan 'yan wasa, har da masu furfura a gemu, suna shiga ba gardama, ana yi musu tsiya suna dariya. Kawunansu kuma duk suna waige-waige irin na maigidansu. A nan tsaye abin ya faɗo mini. Mutumin nan bai taɓa jiran wani ya ce masa "bayanka" ba. Da kansa yake dubawa.

Daga ranar na fara horar da wuyana. A barandar ofis ina tafiya ina waiwaye, har wani abokin aikina Ba'indiye ya tambaye ni ko wani nake bi bashi ko ni ake bi. A kanti, kafin in ɗauki madara sai na san mutum nawa ne a bayana da kalar rigarsu. Matata ta ce na koma kamar wanda akuyarsa ta ɓata a kasuwa, in kuma na ci gaba ba za ta ƙara fita da ni ba. Wuyan ya sage, sai ga ta tana shafa mini man zafi tana mita, wai ta huta da gwiwa an koma wuya.

Juma'ar da ta biyo baya na zauna a kujerata na tara su. Na ce tunda sun naɗa ni uban ƙungiya, to uba yana da doka, kuma dokar farko ita ce kafin kowane wasa sai an yi da'irar nan ta ɗan Sifaniya. Suka amince, don ba a musu da uba. Na miƙe na shiga da'irar tare da su. Suka dubi juna.

Ba a jima ba aka ƙwace ƙwallo a ƙafata. Kafin in ɗaga ƙafa, wani mai gadi ɗan Haɗeja ya yi wuf ya faɗa tsakiya a madadina, yana cewa ai ba zai yiwu Baba ya bi ƙwallo suna tsaye ba. Na kamo rigarsa na mayar da shi wurinsa.

"Ni aka ƙwace wa," na ce masa. "Ni zan shiga."

Na shiga, na kuwa sha wuya. Da farko tausayina suke ji, suna sakin ƙwallon da gangan in samu. Na ce duk wanda ya ƙara yi mini sadaka zai zagaye fili. Daga nan suka fara wana ni da gaske, ina haki, gumi yana shiga mini ido, likita yana daga raga yana tambaya ko ya kawo abin awon jini. Makonni muka yi a haka. Sannu a hankali shigata tsakiya ta ragu, ta yaran ta ƙaru. Ni ba na riƙe ƙwallo, don ba ni da ƙafar riƙe ta. Su kuwa kowa so yake ya yi yanka ya burge, a nan ake kama su.

Muna da abokan hamayya na dindindin, Hausawan zangon Ghana da ke zaune a tsofaffin gidajen Al Asmakh. Dogaye ne, ƙarfafa, ga baki. Sun saba cinmu, kuma in sun ci mu sai mun ji a jikinmu har a masallacin Juma'a. Da aka sa ranar wasa da su, na ja kyaftin gefe na ce ina so in buga, amma ba lamba tara ba, a tsakiya. Ya sunkuyar da kai yana murza ƙasa da takalmi, ya ce Allah ya kai mu. Na gane tsoronsa. Na ce masa ya ba ni rabin farko kawai, in bai ga amfanina ba ya nuna mini kujera da hannu, ni kuma ba zan ƙara saka takalmin ƙwallo ba. Na faɗa da gaske nake, shi ma ya san haka.

Safiyar ta zo da sanyi mai daɗi, irin na ƙarshen shekara. Ana jin warin taki daga gonakin da ke bayan filin. Da 'yan Ghana suka gan ni cikin riga, wani ƙato da ke buga musu tsakiya ya bushe da dariya, ya ce wa kyaftin, "Kun kawo tsoho? Yalla, maza mu gama da wuri."

Ƙwallon farko da aka miƙo mini, na riga na ga ƙaton nan yana tahowa ta kafaɗar hagu. Ban tsayar da ita ba, na karkatar da ita dama ga ɗan Haɗeja, ƙaton ya wuce fuu. Ta biyu ma haka. A ta uku ya zo da fushi, na buɗe ƙafa na bar ta ta wuce ga wanda na gani a bayansa, ya ci birki har ya zauna a ƙasa. Mutanenmu na bakin layi suka ɗauki sowa. Ban yi gudun kirki ba a duk rabin nan, amma ƙwallon ta riƙa biyowa ta wurina, 'yan Ghana kuwa suna binta harshe a waje. Aka tafi hutu babu ci. Na sha ruwa ina satar kallon hannun kyaftin. Bai nuna kujera ba.

Bayan an dawo, can wasa ya yi nisa, ƙafafuna suka fara nauyi. Aka turo mini wata ƙwallo daga baya, ni kuwa gajiya ta sa na manta ban waiga ba. Sai na ji wata tsawa da ta cika filin:

"Kai! Bayanka! Sake ta mana, barci kake yi?"

Kyaftin ne. Babu Baba, babu ranka ya daɗe. Na taɓa ta gefe da ƙyar, ƙaton ya shafi ƙafata ya wuce, ɗan Haɗeja ya dawo mini da ita. Wannan karon na riga na duba. Na ga kyaftin ya fara zamewa tsakanin masu tsaron bayansu biyu, na zura masa ita ta ƙasa, ta bi ta ratar da ke tsakaninsu ta same shi a guje. Ya ɗaga kai sau ɗaya ya narka ta a raga.

Ban san ina da sauran gudu ba sai ranar. Likita ya baro ragarsa ya taho, aka taru a kaina, wani yana dukan bayana, wani yana jan kunnena, duk girman ya bi iska. Da ci ɗayan nan muka tashi. Ƙaton nan ya zo ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Khalas, shi ke nan, tsoho, ka gama da ni." Na yi farin ciki ranar irin wanda rabona da shi tun ina saurayi a Zariya, har na ji ƙwalla ta taru mini.

Ana tattara kaya kyaftin ya zo ya tsuguna a gabana, ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce in yafe masa, zafin wasa ne, shi bai san lokacin da maganar ta fita ba, mahaifinsa ma in ya ji ba zai ji daɗi ba. Na ɗago shi. Na ce tun da na zo ƙasar nan ba a yi mini magana mai daɗin wannan ba, kuma in ya kuskura ya daina, ni da shi ne.

Ɗan Sifaniyan ya bar Doha daga baya, ya koma ya horar da ƙungiyar da ta raine shi, ya ɗauki kofin gasar ƙasarsu da ita, sannan suka rabu. A majalisarmu ana ta gardama kan ko ya iya koci ko bai iya ba. Ni ba na sa baki, don in na fara kare shi ba a tashi da wuri.

Kujerar tana nan. A kanta muke ɗora kular ruwa, don ƙasa tana ɗumama ta. Juma'ar da ta wuce cunkoson hanya ya riƙe ni, na iso an riga an yi da'ira. Kyaftin ya hango ni ina saukowa daga mota, bai ko gaishe ni ba, ya wurgo mini riga.

"Injiniya, ka makara," ya ce. "Shiga tsakiya."