Sanda ta Goma Sha Biyar

Yayana ya girme ni da shekara tara. Mu biyu ne maza a ɗakin mahaifiyarmu, a wani tsohon gida a Badarawa, kuma tun ina ƙarami na san aikinsa ba irin na sauran mazan layinmu ba ne. Su kasuwa suke zuwa ko gareji. Shi kuwa filin golf yake tafiya, wasan nan da 'yan rediyo ke kira ƙwallon lambu. Da ɗaukar wa manya jakar sanduna ya fara, har ya koyi bugu da wata sanda da wani Bature ya bar masa ranar da zai koma ƙasarsu. Kafin ya kai talatin ya zama ƙwararre. Da safe yana koyar da manyan ma'aikata da hafsoshin soja, in gasa ta taso a Legas ko Jos ya hau mota ya tafi. Mahaifinmu, mai sayar da yadi, har ya rasu bai taɓa kiran abin sana'a ba. "Ƙato da kai kana bin ƙwallo cikin ciyawa," haka yake ce masa.

Ni ma na ɗauki jaka shekara biyu, ban ga abin da ya gani a ciki ba, na koma koyon walda. Yanzu ina da shagona a Kawo.

A shagon nan ya taɓa yi mini bayanin abin da ke cin ransa. Ya ce manyan gasannin golf a duniya huɗu ne, kuma wadda ake yi a Birtaniya ita yake so ya buga ko sau ɗaya kafin ya mutu. Na yi dariya na ce ai sai ya sayi tikitin jirgi. Bai yi dariya ba. Ya ɗauki allin da nake zana ƙarfe da shi, ya ja layi uku a jikin wata ƙofa da nake haɗawa.

"Hanya uku ce, Auta. Wanda ya taɓa cin gasar, kujerarsa na nan, ba sai ya nema ba. Wanda sunansa ke can sama a jerin gwanayen duniya, shi ma gayyatarsa ake yi. Amma ba ka hawa jerin nan sai ka buga gasannin da ake ba da maki, mu kuwa ba a kawo mana irinsu nan. Saura ta uku, ta talakawa: wasan neman gurbi. Ka tsallake zagaye na farko, ka je na ƙarshe, a can za ka tarar da taron gwanaye suna kokawa a kan kujera uku ko huɗu."

"To ita ta talakawan a ina ake yin ta?"

"Mafi kusa da mu, Afirka ta Kudu."

Na ce Allah ya kai shi, na ci gaba da aikina. A raina na ɗauka zance ne kawai.

Yana da shekara arba'in da ɗaya wani kamfani ya ce zai shirya gasa a nan Kaduna, ramuka talatin da shida a yini guda, sha takwas da safe, sha takwas da yamma. Mutum biyu da suka fi kowa ƙarancin bugu, kamfanin zai ɗauki nauyinsu zuwa Afirka ta Kudu su gwada sa'arsu. A filin da Yaya ya girma za a yi. Babu bishiya ko kwari a wurin da bai san halinsa ba.

Wata uku ya yi yana shiri. In an idar da sallar asuba sai ya kama gudu daga Badarawa har Unguwar Rimi ya dawo. A lokacin likita ya riga ya gaya masa yana da ciwon suga, amma ya ɓoye wa Inna, mahaifiyarmu. Ni da matarsa kaɗai muka sani. Ana saura mako guda, mutumin da ya saba ɗaukar masa jaka ya faɗi a kan babur ya karye. Yaya ya zo shago ya same ni.

"Kai za ka riƙe mini jaka."

"Yaya, na fi shekara goma rabona da filin nan."

"Ba shawara nake nema a wurinka ba. Ina son in na waiwaya in ga fuskar gida."

A golf doka ce, ɗan wasa ba zai shiga da sanda fiye da goma sha huɗu ba. Na san wannan tun ina ɗaukar jaka. Ana gobe gasar na ƙirga su a tsakar gida, sha huɗu cif, na goge kowacce.

Damina ce, an kwana ana ruwa, ƙasa ta yi laushi. Da muka isa, Yaya ya je gefe yana motsa jiki da tsohuwar sandar nan da Baturen ya ba shi. Wuyanta ya taɓa karyewa, ni na yi mata walda, kuma ya daina shiga gasa da ita, sai dai yana son ya fara ɗumama hannu da ita. Da ya gama ya miƙo mini.

"Kai wannan ɗakin ajiya."

Na karɓa ke nan wayata ta yi ƙara. Wani Alhaji ne daga Unguwar Rimi da na yi wa ƙofar gida, yana ta faɗa wai ta ƙi rufuwa, wai in zo yanzu-yanzu. Ina ba shi haƙuri, ina neman inda zan ajiye sandar don in sauya hannu, sai na zura ta cikin jaka. Na ce bari in gama da shi in cire. Kafin in kashe wayar aka kira sunan Yaya.

A wurin bugun farko, jami'in da ke sallamar 'yan wasa ya tunatar da kowa ya duba jakarsa. Yaya ya dube ni.

"Sha huɗu ne, Yaya," na ce. Ban ko leƙa ba.

Su uku aka haɗa a rukuni: Yaya, da wani dogo daga Legas, da wani ɗan Jos mai yawan shiru. Ramin farko Yaya ya gama shi daidai da adadin bugun da aka ƙayyade. Na biyu ya rage ɗaya. Na ga kafaɗunsa sun saki, har yana tsokanar ɗan Legas ɗin. Muka isa wurin bugun rami na uku, na sa hannu cikin jaka zan zaro masa sanda, sai yatsana ya taɓa wani ƙulli mai kaushi a jikin ƙarfe. Aikin hannuna ne, ko a duhu zan gane shi.

Ya ga fuskata. Ya matso, ya leƙa jakar, ya daɗe yana kallo.

Sauran biyun suna can gefe suna shan ruwa. A bayanmu akwai wata doguwar ciyawa da ta kai ƙugu, a bakin kwalbati. Na rage murya.

"Yaya, bari in yi kamar zan yi fitsari, in jefa ta can. Wallahi babu wanda ya gani."

"Ni na gani."

"Ba ka taɓa ta ba tun da aka fara. Me ta ƙara maka? Yaya, don girman Allah."

Ya ɗaga hannu ya yafito alƙalin wasa, wani dattijo mai farar hula da ya san Yaya tun yana ɗaukar jaka. Dattijon ya ƙirga sandunan sau biyu, kamar yana fatan lissafin ya canza. Sannan ya ce tarar bugu biyu a kan kowane rami da aka buga, ramuka biyu, bugu huɗu ke nan. Ya karɓi sandar ya sa a ƙarƙashin hammatarsa. Da zai tafi ya dube ni.

Daga nan har ƙarshen yinin Yaya bai yi mini magana ba sai lambar sandar da yake so. "Bakwai." "Biyar." In na miƙa, ya karɓa ba tare da hannunmu ya haɗu ba. Da aka tashi hutun rana muka yi azahar a sahu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, ya sallame ya tashi.

Ban taɓa ganin ya buga wasa irin na yammacin nan ba, kuma waɗanda suka fi ni sani ma haka suka ce. Ƙwallon tana zuwa inda ya aike ta. Mutane suka bar sauran rukunai suka biyo mu. A rami na sha huɗu na ga hannunsa yana rawa, gumi yana keto masa, na gane sugansa ne ya sauka. Na ciro dabinon da matarsa ta ƙulla mini a leda. Ya ci guda uku a tsaye, ya rufe ido na ɗan lokaci, ya ce, "Tara." Ya buga ta faɗi dab da ramin.

Da aka kafe sakamako a jikin allo, ɗan Legas ɗin nan ne na ɗaya, wani daga Fatakwal na biyu. Yaya na uku, bugu ɗaya tak tsakaninsa da na biyun. Ba sai an yi mini lissafi ba. Ban da huɗun nan, shi ne na ɗaya.

Mutane suka yi ta zuwa suna riƙe hannunsa, suna cewa ya nuna mutunci. Yana ta cewa na gode. Da suka watse ya zo ya cire jakar daga kafaɗata ya rataya a tasa. Muka hau keke mai ƙafa uku ya kai mu gida. Inna na zaune a ƙofar ɗakinta da carbi.

"Yaya aka yi?"

"Allah bai yi ba, Inna."

Har ta bar duniya bai gaya mata abin da na yi ba. Matarsa kuwa a bakin mutane ta ji. Ta fi shekara in na gaishe ta sai ta amsa tana kallon wani wuri, ban kuma ga laifinta ba.

Bayan 'yan watanni labari ya zo cewa mutum biyun da aka tura ko kusa da kujerun ba su je ba, can ƙasa suka ƙare. Na rufe shago na yi sauri gida, ina jin kamar an sauke mini wani abu daga ka. Na same shi yana alwala.

"Yaya, ka ji ko? Dukansu an koro su. Ka ga ko ka je ma…"

Ya ajiye butar. "Ko na je ma za a koro ni. Na sani. Kana tsammanin ban san iyakata ba? So nake in je in tsaya a filinsu, in buga, su ne za su ce mini ban isa ba. Waɗannan sun je sun gani. Ni fa?"

Na tsaya har ya gama wanke ƙafafunsa.

Kamfanin bai sake shirya gasar ba. Yaya ya ci gaba da koyarwa shekara uku ko huɗu. Sannan takalmi ya ji masa ciwo a ɗan yatsan ƙafa, ciwon ya ƙi warkewa. Aka yanke yatsan, daga baya aka yanke biyu, daga baya aka cire ƙafar daga ƙasan gwiwa. Suka tashi daga Badarawa suka koma Katabu kusa da dangin matarsa, ya kafa tebur a ƙofar gida yana sayar da omo da ashana da biskit. Ni na haɗa masa sandunan dogarawa da bututun ƙarfe mara nauyi, na sa musu roba a ƙasa. Ya gwada su a tsakar gida ya ce na dama ta fi tsawo, na koma na rage.

Duk Juma'a nakan je. Mukan yi hirar 'ya'yansa, da hanyar Zariya, da tsadar magani. Golf kuwa ko sau ɗaya. In aka nuna a talabijin ɗin mai shayin kusa da shi, sai ya juya kujerarsa ta kalli titi.

A kwanciyarsa ta ƙarshe a asibiti, wata rana da hantsi matarsa ta fita sayo magani, muka rage mu biyu. Na durƙusa a gefen gadon na ce, "Yaya, ka yafe mini." Shekara tara ina ɗauke da kalmomin nan ban iya furta su ba.

Ya juyo ya dube ni.

"Mantuwa ai ta kowa ce, Auta. Wannan tun a ranar na yafe. Abin da ya daɗe a raina shi ne da ka ce in bari ka jefa ta a ciyawa. Domin na so in ce maka to. Saura ƙiris. Kullum in na gan ka sai in tuna."

Na ce ban sani ba. Ya ce ta ina zan sani. Sannan ya ce in ɗaga masa filo, bayansa na ciwo, na ɗaga.

Kwana shida bayan nan ya rasu, ranar Talata, ana yayyafi. Daga filin mutum huɗu suka zo jana'iza, duk masu ɗaukar jaka, sai dattijon alƙalin nan da jikansa ya riƙo. Ni da babban ɗansa muka shiga kabarin muka karɓe shi. Ya yi rama ƙwarai, bai yi mana nauyi ba. Da muka dawo gida matarsa ta aiko a ce in shigo ciki, ta ce yaran ba su da wani uba yanzu sai ni. Na ce na ji, Anti. Washegari na ɗauki ƙaramin na kai shi makaranta a bayan babur.