Gaisuwar da ta raba Malam Tanimu da aikinsa

Da damunar bana Malam Tanimu ya cika shekara ashirin da bakwai da rasuwa. Ban yi niyyar rubuta komai ba, sai na ga a waya duniya ta ɗauka ana taya wani tsohon Bature mai shirya finafinan namun daji murnar zagayowar ranar haihuwarsa. Kowa na sa masa albarka. Ni kuwa zama ya gagare ni, don mu ma mun taɓa yi wa namu tsohon irin wannan gaisuwa, kuma ba ta yi masa rana ba.

Malam Tanimu mutumin Gubuchi ne. Shi ke gabatar da "Mu Leƙa Daji" a rediyo kowace Laraba bayan la'asar. Rekoda yake ratayawa ya shiga fadama, ya ɗauko kukan gauraka ko na burtu, ya sa mana, sannan ya yi bayaninsu kamar yana ba da labarin maƙwabtansa. Ni a lokacin ina koyarwa a firamare a Saulawa, daga kudancin Kaduna aka turo ni. Babur ɗina ne ya haɗa mu. Duk sanda ya zo ɗaukar shiri ni ke goya shi, daga rafin Ikara har gonakin raken Maƙarfi. Yana ce mini Malam Bulus, ina ce masa Baba. In lokacin salla ya yi sai ya miƙo mini rekodar ya ce, "Riƙe nan, kuma kada ka yi tari."

Sai soja suka hau mulki, aka shiga tsuke bakin aljihu. Sabulu sai an bi layi, madara sai an bi layi. Kaset ya yi wuya, batir ya yi wuya. Wata Laraba muka kunna rediyo, maimakon muryar Baba sai jawabi kan ɗa'a. Aka ce an dakatar da shirin, wai sauraron tsuntsaye ba ya cikin abin da ƙasa ke bukata.

Ba mai ƙarfin halin rubuta takardar koke a wancan zamani. To amma akwai shirin gaishe-gaishe, inda kowa ke aika kati a karanta. Ni na kawo shawara, ba wani ba. Na ce mu ƙirƙira wa Baba ranar haihuwa, mu cika gidan rediyon da katunan taya murna, manya su ga yawan masu sonsa. Baba bai san ranar da aka haife shi ba, kuma ba ruwansa da irin wannan biki. Na dubi furfurarsa a raina, na yanka masa sittin da biyar.

Na bi kasuwanni da katunan. Manoman Kudan suka cika, matan zumunta na cocinmu suka cika, har wani mai sayar da mazarƙwaila a Maƙarfi ya sayi goma shi kaɗai. Kowa sai ya ƙara da ɗan labari: shamuwa ta iso garinsu, ko an ga zomo a bayan makaranta. Mako biyu ana karantawa. Ina ta murna, na ɗauka mun yi dabara.

Ashe lokacin ana neman waɗanda za a rage a aiki. A fayil ɗin Baba an rubuta hamsin da 'yan kai. Ga rediyon kanta tana ta shelar ya cika sittin da biyar. Aka kira shi ofis, aka tambaye shi wa ya shirya wannan abu. Ya san ni ne, bai faɗa ba. Kafin wata ya mutu aka miƙa masa takardar ritaya.

Shekara biyu ina zagaye Gubuchi ta wata hanya don kada mu haɗu. Ranar da na daure na je, na same shi a zaure yana gyaran wata tsohuwar rediyo. Muka yi doguwar gaisuwa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Da na fara ba da haƙuri sai ya tare ni.

"Shekarun nan ba ƙarya kuka yi ba, Malam Bulus. Ni na rage su da zan shiga aiki."

Sannan ya ce, "Amma da ina nan, da ba a goge kaset-kaset ɗina ba. Bayan na tafi aka ɗora jawabai a kansu. Kukan burtun nan na Kudan, kwana tara na yi ina binsa."

Bai ce ya yafe ba, ni ma ban tambaya ba. Muka ci gaba da zumunci har ya rasu, ba wanda ya sake ɗauko maganar. Yanzu da na kai shekarun da na yanka masa har na wuce, na rasa dalilin da ya hana ni tambayar.

Ina yawan tunanin me zai ce da ya ga yau. Kowa na da waya a aljihu wadda ta fi rekodarsa ɗaukar murya, amma me za a ɗauka? Ungulun da ke cika mahautar Maƙarfi sun ɓace, ba wanda ya yi cigiyarsu. Fadamar da muke kwanciya rub da ciki muna jiran gauraka ta zama gonar tumatir, warin maganin feshi kawai ke tashi. Dajin da muke shiga da babur ba tsoron komai, yau sai ka tambayi labarin hanya kafin ka nufe shi. Wani lokaci ina ganin zai yi fushi. Wani lokaci kuma ina ganin zai ari wayar wani ne ya kama hanyar rafi, ya ce ai kurciya ma ba mu gama saninta ba.

Babu muryarsa a ko'ina. Na nema, na gaji. Babu hotonsa sai guda ɗaya, shi ma ruwa ya taɓa shi.

Amma watan jiya a Kudan ina jiran mota, sai na ga maza sun taru da duwatsu a gindin wata tsamiya, an ga mujiya da rana. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta miƙe da ƙyar ta shiga tsakaninsu.

"Ku bar ta," in ji ta. "Ba mayya ba ce, ɓera take ci. A rediyo aka faɗa, tun ina amarya."

Suka yi dariya, amma suka zubar da duwatsun. Na matsa na gaishe ta, na ce, "Inna, wa ya faɗa?"

Ta yi tunani ta ce ta manta, wani mutum ne dai mai magana a hankali.

Na ce mata sunansa Malam Tanimu. Ta maimaita, ta ce Allah ya jiƙansa, ta koma kan daddawarta. Motar ta zo, ta cika, ta tafi ta bar ni ina tsaye a gindin tsamiyar.