Wa ka taɓa kayarwa?

Shekara bakwai ke nan da muka kai Yaya Lawali makwancinsa a Damagaram, kuma har yau in aka tambaye ni aikin da ya yi a Amurka sai na gyara zama. In na ce mai horar da 'yan ƙwallo ne, sai a tambaye ni ko ya san waɗanda ake gani a tele. Bai san su ba. Tasa ƙwallon siffar ƙwai gare ta, da hannu ake ɗaukarta a ruga, kuma mutanen da ya horar ko taɓa ta ba sa yi. Ƙatti ne masu hular kwano da ke tsayawa a sahun gaba, aikinsu su tare wasu ƙattin kada su kai ga mai jifa. Mahaifiyarmu ta taƙaita wa maƙwabta abin: "Lawali na koya wa Nasara ture-ture." Na yi shekaru ina koyarwa a makarantar lise, ban samo bayanin da ya fi nata ba.

Karatun motsa jiki ne ya ɗauke shi daga gidanmu na Zango. Ya fara da ɗaukar kayan 'yan wasa a jami'a, ya hau a hankali har ya kai ƙungiyoyin da wasa ne sana'arsu. An sallame shi ba sau ɗaya ba, don a can in babban mai horarwa ya faɗi, har mataimakansa ake sharewa. Mu a gida mukan ce canjin wurin aiki aka yi masa.

Da gwiwa ta gaji, ya dawo da akwatin kaset da buri guda: 'yan kokawarmu. Yakan ce duk abin da ya koyar can, a filin kokawa na bayan girbi ya fara ganinsa. Na raka shi wurin dattawan kokawa. Suka saurare shi da ladabi, aka sha shayi, sannan babbansu ya ce, "Alhaji, ba raini ba ne. Wa ka taɓa kayarwa?"

Bai taɓa kayar da kowa ba. Wasan da ya koyar ma bai taɓa bugawa ba, ido ne jarinsa. A wurinmu kuwa ba ka koyar da kokawa sai makaɗa sun san kirarinka. Aka rako mu bakin ƙofa da addu'a mai tsawo.

Mutum ɗaya ne ya biyo baya, wani manomi da zan kira Issufu ko da yake ba sunansa ba ne. Ƙarfi kamar na sa, amma da ya kama abokin karawa sai ya miƙe, a kwashe shi. Ranar kasuwa yakan shigo gari da sunan sayar da gyaɗa, ya ɓulla tsakar gidanmu. Yaya ya ɗauki hoton ƙafafunsa, ya maido kaset baya, ya sake maidowa. "Dubi dugaduganka. Kokawa kake, ko kabu-kabu kake jira?"

A ranin nan Issufu bai taɓa ƙasa ba. Da aka tambaye shi sirrin a rediyo, ya gode wa Allah, da malamin da ya ɗaura masa laya, da makaɗinsa, da gyatumarsa. Muna zaune tare muka ji. Na fusata. Yaya ya ce, "Ƙanena, mutanen da na horar ba a kiran sunansu a fili sai sun yi laifi. Na saba." Ya faɗi haka, ya kashe rediyon, ya bar tuwonsa a rufe. Shekaru talatin yana son garinsu ya ce da shi malami, ko sau ɗaya. Har ya rasu ba a ce ba.

Yau kowane ɗan kokawa na da waya, kowa na ɗaukar hoton karawarsa. Da Yaya zai gani, na san ba zai yi murna da wuri ba. Cewa zai yi fuska suke ɗauka, ƙafa kuwa tana waje.

Bana bayan girbi na je ƙauyen Issufu. Ya yi furfura, shi ke horar da samari yanzu. Na tsaya ina kallonsu ƙugu a ƙasa, taku gajere, hannu ba ya fita sai ƙafa ta zauna. Na ji yana gaya musu wai wannan tsayuwar, ta Yaya ce sak, daga kakansa ya gaje ta. Da suka watse na ce masa bai kyauta ba, hakkin mamaci ne a faɗi sunansa.

Bai musa ba. Ya kira ni yadda ake kiran malamin boko a nan, ya ce, "Mushe, kullum na idar da salla ina sa shi a addu'a. Amma in na ce wa yaran nan wannan tsayuwar daga wasan Nasara ta zo, gobe za su yar da ita. Sunansa kake so ya zauna, ko aikinsa?"

Na hau mota na dawo gida da tambayarsa. Ga amsar yanzu. Sunan yayana na rubuta shi nan, a shafin da samarin ba sa buɗewa, Allah ya haskaka kabarinsa. Aikin kuma na bar musu can, a hannun kakan Issufu, wanda aka shaida mini maƙeri ne.