Shinkafar Inna a Filin Gari

Wata ranar Laraba bayan yankan shinkafa, shekarar da na shiga aji huɗu, na taso daga makaranta na tarar da mutum uku da igiyar awo da turaku a bakin filin ƙauyenmu, can gefen Bahindi. Wani attajiri mai fataucin kaya zuwa iyakar Benin ne ya turo su, wai zai gina ɗakunan ajiya. Filin nan kuwa shi ne komai namu. Nan mata ke shanya shinkafar da suka turara, nan muke gaɗa da carafke idan mun gama ɗiban ruwa, maza na langa a ɗaya gefen. Ƙarƙashin tsamiyarsa ƙungiyar ci gaban gari take zama, ta raba aikin gayya, ta sasanta manomi da makiyayi.

Ƙungiyar ba ta da takardar filin, don ba wanda ya taɓa zaton abin kowa yana buƙatar takarda. Shugabanta ya hau babur ya nufi Bagudo neman a tsayar da awon, amma kowa ya san kafin ya dawo an kafa turaku. Kakata Inna ce wakiliyar mata a ƙungiyar, kuma da shanyar nan take ciyar da mu. Ba ta yi faɗa da kowa ba. Gida-gida ta aika, mata suka fito da tabarmi da buhuna har da zannuwan ɗaurawa, muka baza shinkafa tun daga tsamiya har bakin hanya, babu wurin sa ƙafa. Filin ya yi ruwan zinariya, tururi na tashi a hankali.

"Bismilla, ɗana, auna," in ji Inna, "in dai kana iya taka abinci."

Mai igiyar ya dubi takalminsa, ya dubi ƙasa. "Haba Inna, wanga ai ɗauri ne kunka yi muna."

Kwana uku muna shanya tun asuba, har shugaba ya dawo da takardar tsayar da awon, da hatimi a kanta.

Bana na je gida hutu. Ƙungiyar ta yi ofis da allo mai fenti, a kan filin ta gina shi. Gefen gabas shaguna ne, gefen yamma wurin ajiye babura, tsamiya an sare ta don ta tare ƙofa. Taro ya koma cikin ɗaki, kuma ba a kiran mata. Na tambayi sakataren ƙungiyar wa ya amince da wannan, ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, ci gaba ke nan." Inna ta tsufa, a ɗan tsakar gidanmu take shanya, tana jan tabarma tana bin rana daga bango zuwa bango. 'Yan matan unguwa na zaune a ƙofar gida, ba su san waƙar gaɗa ko ɗaya ba.

Baƙo mun iya tare shi; masu tsaron filin ne ba mu taɓa tunanin tsarewa ba.